Mangwaron da Ke Ɗaga Kabarin Baba

Goggo Farha, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Wani mangwaro ne ya tsiro a gefen kabarin Baba, a maƙabartarmu ta Yahudawa nan Yangon. Ba wanda ya shuka shi. Yanzu saiwarsa ta fara ɗaga dutsen kabarin, har sunan Baba ya karkace. Yayana Menashe ya ce wannan wulaƙanta mamaci ne, har ya yi magana da mai zarto a sare shi kafin ranar tunawa da rasuwar Baba. Ni kuwa Baban ne ya koya mini cewa Attaura ta hana sare itace mai 'ya'ya. Ko ganye muka tsinka a banza sai mun sha faɗa. 'Ya'yan ma ba halin ci tunda na maƙabarta ne. Sai su nuna jawur, ƙamshi ya cika wuri, su faɗo su ruɓe ina kallo. Menashe ya ce na fi son itace a kan mahaifina. Maganar ta yi mini ciwo, na daina zuwa gidansa cin abincin Asabar, ranar hutunmu. Ina kewarsa, amma ba ni zan fara kira ba.

'Yar autar Baba

'Yata, na lura da yadda kika kwatanta ƙamshin nan, sai da yawuna ya tsinke. Ki ci gaba da kau da kai daga 'ya'yan mangwaron.

Yayanki bai yi kuskure ba, mutuncin mamaci babban abu ne a wurinmu. Ke ma kina da gaskiya. Amma tsakanin sarewa da zuba ido akwai hanya. Ku nemi mai aikin lambu ya duba ko za a datse saiwar nan kaɗai, a gina mata shinge, a daidaita dutsen. In ya ce ba zai yiwu ba, ku kai wa malaminmu maganar, ku bi abin da ya yanke ko da bai yi miki daɗi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne, kuna kare mahaifinku daga junanku. Taurin kan nan ma na san gadonsa kuka yi. Ke ce ƙarama, ki kira shi yau. Ranar tunawar ku je tare, kowa ya ɗora tsakuwarsa a kan kabarin kamar yadda muka saba. Dutsen da ya karkace magini zai gyara shi a safiya ɗaya, amma ba zai iya tsayar da 'ya'yan marigayin wuri guda ba.

Allah ya sa ambatonsa ya zame muku albarka, ya kuma sanyaya zukatanku.

Goggo Farha