Aljihun Kakin Baba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna ta Limawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa irin wadda 'ya ke yi wa uwa, ina fatan makwancinki na cikin haske da yalwa. Mu dai muna nan Minna, damina ta yi nisa, kwatar ƙofar gidanki ta sake cika kamar yadda ta saba. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike, amma akwai masu leƙe ta bayan kafaɗata, kuma akwai mutum biyu a cikinsu da nake so su karanta da kyau, har su maimaita.

Maganar shimfiɗar gadon nan ce, wadda kika yi shekara biyu kina haɗawa da ƙyallaye, kika ce ta 'yata Ummi ce, takwararki. Na samo ta, Inna. Yadda na samo ta ɗin nake so ki ji.

Kin tuna yadda kike zagaya shagunan teloli duk Alhamis da buhun shinkafa a hammata, kina kwashe abin da almakashi ya zubar. Ki dawo ki zube a tabarma, atamfa gefe, shadda gefe, yadin makaranta gefe. Da su kika yi mana zariyar wando, da gammon ɗaukar ruwa, da rigar matashin kai, da jakar da na kai littattafaina makaranta. Guntun da bai kai ɗan yatsa ba ma ba kya yarwa, cikin matashi yake shiga a madadin auduga. Kuma ba kya yarda a kira su tsumma a gabanki. Kullum cewa kike, "Tsumma ya gama aikinsa, ƙyalle kuwa bai ma fara ba."

Da Baba ya rasu, kin ƙi bayar da kakinsa na aikin reluwe. Kika yanka shi ƙanana, duk abin da kika ɗinka sai kin sa guda a kusurwa, wai don mai gida ya ci gaba da aiki a gidansa. Shekara da shekaru kakin na raguwa, har ya rage aljihun gaba kawai, da maɓallinsa. Shi kika sa a kusurwar shimfiɗar Ummi.

Yaya Sani, da digirinsa biyu, bai taɓa gane bambancin ƙyalle da tsumma ba. Tun da ya samu aikin ofis can wajen Gidan Kwano ya auri Hajiya Bilki, buhun nan naki ya zame masa ciwon ido. Ni ya aiko in gaya miki ki daina bin shaguna, wai kina zubar masa da mutunci, za a ce ba ya kula da ke. Shi da sai Sallah zuwa Sallah yake leƙo ki, ya tsaya a zaure yana duba agogo. Matarsa kuwa in ta zo, ɗosana jiki take a bakin gadonki, sai ka ce ƙyallayen za su cije ta. Kin taɓa ba ta abin sauke tukunya guda biyu, ta karɓa da yatsu biyu, ta manta da su a kan dakali da gangan. Kika ɗauke su kika mayar ɗaki.

Da aka zo raba kayanki bayan arba'in, ita ce kan gaba, ita da ba ta taɓa kawo miki ko kunu kina jinya ba. Ta sa aka tura duk kayan ɗinkinki cikin buhu, har da shimfiɗar Ummi, ta ce tsummokara ne masu tara kyankyaso, za ta sa a ƙone. Ni kuma ina gefe ina ta kuka, ban hana ta ba. Shekara uku ke nan ina jin kunyar yarinyar nan duk lokacin da ta tambaye ni ina bargon kakarta.

Asabar ɗin da ta wuce Maman Ladi ta zo ta ja ni wani taron mata. Maƙwabciyarki nake nufi, 'yar kudancin Kaduna, wadda ke zura miki zare a allura tun da idonki ya fara rauni. Ta ce ta ji za a raba kekunan ɗinki, mu je mu gwada sa'a. Ƙungiyar matan manya ce, irin waɗanda ba su taɓa ɗinke maɓallin rigar mijinsu ba, amma sun yi anko sun zo koya wa talaka sana'a. Kekunan ma uku ne, kuma an ɗauke su hoto ya fi sau talatin.

A bango, bayan babban tebur, sai ga shimfiɗarki a baje. An manna takarda a ƙasanta da sunan Hajiya Bilki. Ta miƙe da lasifika a hannu, tana Turanci ta hanci tana surkawa da Hausa, tana bayanin yadda dabarar ta zo mata, wai haka ake yi a ƙasashen waje don kada a yi asarar komai. Mata na ta tafi. Yaya na sahun gaba cikin babbar riga yana gyaɗa kai kamar ƙadangare. Ashe abin da ke zubar da mutunci a Limawa, in an rataye shi a zauren taro sai ya zama ilimi.

Ban san lokacin da na isa bangon ba. Na ɗaga kusurwar ƙasa don in nuna wa kowa aljihun Baba. An yanke shi, Inna. An sa farin leshi a wurin, da ɗinkin keke na wani tela mai gaggawa. Ga alama kakin ma'aikacin reluwe bai dace da hoto ba. Na tsaya riƙe da leshin nan.

Maman Ladi ce ta fitar da ni kunya, da Hausarta ta nan Minna da kike yawan tsokanarta a kai. Ta miƙe daga can baya ta ce, "Madam, yi hakuri. Wannan na Inna ne, shi ne ya dinka da hannu, ni na sa masa zare. Ga yadin Kirsimeti na Ladi, ga ankon cocinmu. Tun da kai ne ya dinka, fada mana wannan kore na waye."

Hajiya ta duba koren, ta duba mijinta, shi kuma ya sunkuya yana latsa waya. Daga ƙarshe ta ce ai duk gida ɗaya ne, ta yi ne don karrama surukarta. Karramawar da babu sunanki a takarda. Na cire shimfiɗar daga bango na ninke a gabansu, ba wadda ta yi ƙoƙarin hana ni.

Muna fitowa ruwa ya sauko. Yaya ya ce in shiga mota ya rage mini hanya, na kuwa san ba don tausayi ba ne. Tun kafin mu hau titi ya fara wa'azi a kan tonon asiri da rufa wa juna baya. Gilashin gaba ya yi hazo, ya miƙa hannu ya ɗauko wani ɗan ƙyalle ya goge. Maɓallin jikinsa ya karci gilashin, ya ja tsaki. Aljihun Baba ne, ya yi baƙi da man mota.

Na tambaye shi ko ya san mene ne a hannunsa. Ya ce wani tsumma ne Hajiya ta bari a mota. Kakin da ya yi zufa ya kai shi makaranta, ya riƙe shi watanni yana goge gilashi, bai gane shi ba. Na miƙa hannu ya ba ni, bai ko tambaye ni me zan yi da shi ba. Na sauka a shataletale cikin ruwan, na tari Keke Napep.

Amma ba zan wanke kaina tas ba, Inna. Ni ma ina aji biyu na sakandare na taɓa tura jakar da kika ɗinka mini ƙarƙashin benci, na ce wa ƙawayena wani tsumma ne aka ba ni. Maganar ta dawo kunnenki, ba ki yi mini faɗa ba, kuma ba ki fasa ɗinka mini wata ba da ta yage. Sau nawa kika miƙo mini allura na ce ina da karatu. Yau ga shi ina neman hannunki ba na samu, kuma kewarki na damuna fiye da yadda zan iya rubutawa.

Na wanke aljihun sau huɗu, tabon man bai fita duka ba. Na farke leshin da reza, na zauna kwana uku ina mayar da Baba kusurwarsa, Maman Ladi na gefe tana zura mini zare tana dariyar hannuna. Ɗinkin ya karkace, da kina nan da kin sa na warware. Amma ya kama. Ummi ta kwana a kai jiya, da safe na same ta ta cusa ɗan kunnenta cikin aljihun ta rufe da maɓallin, ta ce nan ne ma'ajiyarta.

Leshin Hajiya ma ban yar ba, na san ba za ki so ba. Na ninka shi da ragowar atamfa na yi abin sauke tukunya. Gobe zan aika mata.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya jiƙan Baba. Yadda kika tattara abin da mutane suka yar kika haɗa ya zama sutura, Allah Ya tattara ayyukanki ƙanana da manya Ya suturta ki da su. Ya haɗa mu a gidan Aljanna. Amin.

'Yarki da ta fara koyon riƙe allura a makare,
Uwani