Aska a Hannun Baba

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙaramin da fitar haƙora? Mu nan lafiya lau. Umma na gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko hanyar gida ce ta ɓace miki.

Kin ce in daina cika miki waya da saƙon murya, in zauna in rubuta kamar mai hankali. To ga shi na zauna, don akwai abin da ke cina a rai.

Aikin ƙarshen zangon nan, Malaminmu ya raba mu biyu-biyu, kowa ya shirya buɗewar fim ta minti biyu, irin fim ɗin da ake kira nuwar. Kalmar Faransanci ce, ma'anarta baƙi. Da na gaya wa Umma baƙin fim zan yi, ta ce wannan ai ba sai da makaranta ba, in jira a ɗauke wuta. Tsofaffin finafinan nan ne marasa launi, masu inuwa da hayaƙi, waɗanda ba ka iya raba mutumin kirki da mugu a ciki. Kafin a taɓa kyamara sai an kalli irinsu an fitar da abin da ya haɗa su, sannan a fita a tambayi masu kallo abin da ke riƙe su a kujera.

Na kalla har idona ya yi ja. Na lura haske ta gefe ɗaya yake shigowa, ya bar rabin fuska a duhu. Inuwar taga tana faɗowa a kan mutum layi-layi kamar ƙarafunan kurkuku. Suna son madubi. Kuma ba wanda ke buɗe baki ya ce yana jin tsoro, jikinsa ne ke tona shi, ko gumi ko hannu.

Daga nan na bi layinmu da waya ina ɗaukar muryoyi. Tela ya ce shi in ba a fara da duka ba, barci yake yi. Matar mai kemis ta ce shiru ya fi ihu tsorata ta. Bakaniken bakin titi ya yi dariya ya ce a duniya ba abin da ke tayar masa da tsikar jiki kamar ya miƙa wuya ga mai riƙe da aska ya rufe ido. Yana faɗa na tuna shagon askin Baba: ga madubi, ga tagar gilashi mai layi-layi, ga fanka na jan inuwa a bango.

Baba bai ko bari na ƙarasa roƙo ba. Ranar ɗauka ya share shagon tas, ya goge madubin, ya sa farar rigarsa da yake ajiyewa don fita. Abokin aikina, wani yaro da muke ce wa Dogo, shi ya zauna a kujerar aski, ni na riƙe kyamara.

Yaya, ga abu na farko da ke damuna. 'Yan ajinmu kowa ubansa mai ofis ne, ni kuma ban taɓa faɗin sana'ar namu ba. Na ce wa Dogo akwai wani dattijo mai aski a layinmu. Da yake kowane dattijo Baba ake ce masa, Dogo bai gane komai ba, ni kuma ban gyara ba.

Labarin, mai aski ne ya gane cewa mutumin da ke kujerarsa shi ya taɓa cutarsa. Na ce wa Baba ya kai aska kusa da wuyan Dogo ya tsaya cak, shi ke nan. Ya kai. Sai na gani ta cikin kyamara, askar tana rawa. Ba ni na ce ya yi ba. Ya yi sauri ya sauke hannun, ya goge shi a riga, ya ce fankar ce ta yi masa yawa. Maimakon in ajiye kyamarar in tambaye shi lafiya, sai na ce, "Baba, a sake." Na matso da hoton har hannun ya cika fuskar kyamara. Na sa shi ya yi ta sakewa, yana yi yana murmushi, yana zaton fuskarsa nake ɗauka ta madubi.

Da Malam ya ga abin da muka haɗa, ya miƙe tsaye. Ya ce a ina muka samo ɗan wasan da ya iya sa hannu ya yi magana haka. Na karɓi yabon, ban gyara masa ba.

Ke da kika zo bara, kin lura da wani abu? Tun ranar nake satar kallonsa. Da hannu biyu yake riƙe kofi yanzu.

Ki gaishe da kowa, ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kuma haƙoran ƙaramin sun fito lafiya. Ban jira amsarki ba, don in ban fitar da wannan ba zan iya fashewa.

Mataki na gaba a aikin shi ne a nuna wa mutanen da aka yi wa tambaya tun farko, a ɗauki ra'ayinsu a kyamara. Da Baba ya ji, ya ce ina za a je ga shago da talabijin a bango? Ya aro benci, ya sayo lemo mai sanyi, ya bi layi da kansa yana gayyata: "Ku zo, Auta ta sa ni a fim." Bai ga fim ɗin ba. Ya nemi in nuna masa, na ce bai kammala ba.

Kada ki ɗauka ban yi tunani ba. Na zauna na cire wurin hannun, na kalla, sai fim ɗin ya koma lami, kamar miya ba gishiri. Na mayar da shi. Na gaya wa kaina ba wanda zai gane, kowa zai ɗauka wasa ne, tunda Malam ma haka ya ɗauka. Na manta Malam bai taɓa zama a kujerar Baba ba.

Bayan la'asar shago ya cika, har da masu leƙe ta taga. Dogo ya kafa kyamara a lungu tana kallon jama'a. Baba ya tsaya a baya kusa da ƙofa cikin farar rigar nan, sai washe baki yake. Da fuskarsa ta fito a madubi aka yi shewa, Tela ya ce ashe tauraro muke zaune da shi ba mu sani ba. Sai hannun ya fito. Yaya, a kwamfuta ban san ya kai haka ba. A talabijin ɗin nan kowace jijiya ta fito, askar tana kaɗawa kamar ganye, ga wuyan mutum a ƙarƙashi.

Na kunna fitila na fara tambayoyina. Matar mai kemis ta ce ta riƙe numfashi. Tela ya ce yau kam bai yi barci ba. Wani ya ce Baba ya iya wasa ƙwarai.

Sai bakanike ya kwashe da dariya, ya ce, "Wasa? Wane irin wasa?" Ya juya wuya ya nuna tabo a ƙasan kunnensa, ya dubi Baba. "Ashe abin da ya same ni ke nan kwanan baya! Kai kuma ka ce ni na motsa."

Ba da mugunta ya faɗa ba, kin san bakinsa. Mutane suka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Na ga wani ya kai hannu yana shafa haɓarsa. Na ga matar mai kemis ta juya tana kallon Baba, ba fuskarsa ba. Baba ya zura hannun a aljihu.

Dogo ya ga wuri ya yi nauyi, ya so ya gyara. Ya ɗaga murya ya ce mini, "Ke gaskiya kin yi sa'a. A ina kika tsinto tsohon nan?"

Tela ya ce, "Tsinto? Yaro, ubanta ne fa."

Dogo ya buɗe baki yana kallona. Ban damu da nasa kallon ba. Na Baba ne. Bai ɗaure fuska ba, bai yi komai ba, ya dube ni kawai kamar yana son ya tabbatar ni ce. Na so ƙasa ta tsage in shige. Sai ya juya ga jama'a ya ce, "Ku sha lemonku kada sanyinsa ya fita."

Mutane suka zame ɗaya bayan ɗaya. Na je zan kama masa benci ya ce in bari, zan ɓata kayana. Shi kaɗai ya mayar da su. Sai bayan kowa ya watse na tuna kyamarar Dogo na kunne, ta ɗauki komai.

A gida bai ce wa Umma uffan ba. Ya ci abincinsa, ya tambaye ni ko na samu abin da makaranta ke so. Da ya zage ni, da na samu sauƙi.

Ki yi mini faɗan, na shirya. Amma ki gaya mini ta ina zan fara.

Taki,
Auta

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum, tare da gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyali. Amsarki ta iso, na karanta, ban yi musu da ko layi ɗaya ba. Na gode kuma da kika kira Baba kika matsa masa zuwa asibiti. Maganarki yake ji.

Ashe Umma ta daɗe da sani. Ta ce ita take ɓalle masa maɓallin hannun riga da safe, ya roƙe ta kada ta gaya mana sai na gama makaranta. Likita ya ce ciwon jijiya ne, magani zai rage rawar amma ba zai kawar da ita ba. Umma ta ce ko ba komai na kai shi asibiti. Ta faɗa ne don ta lallashe ni, ban kuma lallasu ba. Akwai hanyar kai uba asibiti da ba sai an tara masa unguwa ba.

Zancen duniya ba ya ɓuya. Iyaye sun fara kai yaransu sabon shagon da ke bayan gidan mai. Tsofaffin abokan cinikinsa suna wucewa su ɗaga hannu daga nesa, kowa da sabon aski a kansa. Baba ya naɗe askarsa ya kulle a durowa, da injin aski, kilifa, kawai yake aiki. Bakanike ya zo ya ba da haƙuri, ya zauna aka yi masa aski ko da gashin bai taru ba, shi da Tela ba su canza shago ba. Amma mutum biyu ba sa riƙe shago.

Na durƙusa na roƙi gafararsa a kan duka biyun, hannun da kuma ɓoye shi da na yi. A kan hannun ya ce ba ni na sa masa ciwo ba. A kan ɗayan bai ce komai ba, ya ci gaba da goge kilifarsa. Har yau bai ce ba.

Fim ɗin kuwa na miƙa shi yadda yake. Zan iya cewa don makin Dogo ma a ciki yake, kuma lokaci ya ƙure, duk gaskiya ne. Amma ni ma ina son in ci. Hoton jama'ar kawai na goge, na rubuta ra'ayoyinsu da hannu, ban sa na bakanike ba.

Mu muka zo na ɗaya. Malam ya sanar a aji cewa zai nuna namu a taron ƙarshen shekara, gaban iyaye da baƙi. Na miƙe na ce ban yarda ba. Ya tambayi dalili. Na ce mutumin da ke ciki mahaifina ne, mai aski ne, kuma ba wasa yake yi ba, ba shi da lafiya. Malam ya cire tabarau ya ce to, an fasa. Ba wanda ya yi mini dariyar da na yi shekaru ina tsoro. Wannan ma wata kunyar ce.

Jiya da yamma na biya shago. Ba kowa, Baba na zaune a kujerar aski yana kallon titi. Ya tambaye ni sakamako, na so in kauce, ya ce in faɗa. Na faɗa. Ya gyaɗa kai, ya fito da hannun daga aljihu ya ɗora a gwiwa, muka zuba masa ido mu biyu yana ta abinsa.

Ya ce, "Madalla. Ashe dai bai gama amfani ba."

Yaya, na kwana ina juya maganar nan, ban gane ko albarka ya sa mini ko mari ba. Ba ni kuma da fuskar da zan tambaye shi.

Don Allah in an yi hutun yara ki zo da su. Yana yawan ambaton ƙaramin, ya ce gashinsa ya isa aski, kuma yana so ya zama shi ya fara yi masa. Ki bar shi ya yi. Zan tsaya kusa.

Umma na gaisuwa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki mai jin kunyarki,
Auta