Inna, an sa muryarki a ɗakunan karatu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo ta Badaguishiri.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwa, a durƙushe, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, makwancinki da haske da yalwa. Ni ina nan Abijan lafiya, irin lafiyar da baƙo ke samu. Har yanzu albasa nake sayarwa a kasuwa, ta Galmi, wadda manyan motoci ke kawowa daga wajenmu. Gwiwar hagu ta fara gardama, gemu ya yi fari. Sauran sai godiya.

Na san ba ki yi boko ba, kuma inda kike ba a kai takarda. Amma an ɗora mini wata magana in yanke, maganar kuwa taki ce. An sa muryarki a ɗakunan karatu na wajenmu, kowa na iya ji. Ƙanenki Kawu Illa ya ce a goge ta. Masu ɗakin karatu sun ce sai abin da babban ɗanki ya faɗa. Shi ya sa na zauna in yi maganar da ke tukuna.

Bari in ɗauko miki daga farko, don kin bar duniya abin bai zo ba.

Kin tuna ɗakin karatun Illela da nake zuwa lokacin ina kwaleji? A zamaninmu akwatin ƙarfe ake cikawa da littattafai a ɗora wa motar kasuwa. Ya zauna Konni, ya zauna Malbaza, kafin ya iso gare mu bango ya tafi, wani lokacin har da shafukan ƙarshe. Akwai labarai da yawa da na karanta waɗanda har yau ban san yadda suka ƙare ba. To, yanzu an haɗa ɗakunan nan duka a rezo guda, wato ta intanet. Littafin da ke Konni, yarinya tana zaune a Dogarawa za ta buɗe shi a kwamfuta ko a salula, da lambar katinta kawai. Ba zan ɓoye miki ba, ranar da na ji, haushi ya riga murna zuwa. Mu da muka bar aji muka bi motar kurmi, ba wanda ya haɗa mana komai. Amma abin kirki ne, Inna. Waɗanda suka yi shi sun yi aiki, Allah ya biya su.

Ba littattafai kaɗai suka sa ba. A cikin wani kabad na Illela sun tarar da tsofaffin kasat. Ashe matar nan ta yaƙi da jahilci, wadda ta riƙa bin ƙauyuka da rakoda tana ɗaukar waƙoƙin niƙa da na daka da tatsuniyoyi, can ta ajiye su. Suka juye su a na'ura kafin zaren ya ƙarasa ruɓewa.

Autarki Rabi ce ta fara cin karo da ke. Har yanzu tana koyarwa a lakwal ɗin Dogarawa inda kika bar ta. Tana neman waƙar da za ta koya wa ƴan ajinta, ta ga an rubuta waƙar niƙa daga Badaguishiri, ta danna a gaban yara. Ta ce mini ba ta san lokacin da ta fita daga ajin ba, sai ganin kanta ta yi a gindin iccen bedi, yara sun leƙo ta taga suna tambaya ko Madam ba ta da lafiya. Da ta natsu ta aiko mini da lambar katinta, ta koya mini inda zan shiga.

Ranar Juma'a ce, bayan an sauko. Na zauna bayan buhunan albasa, rana tsaka, kasuwa na ta hayaniyarta, na sa salula a kunne.

Dutsen niƙa na fara ji. Na gane shi, Inna, yana da wani ɗan kuka idan ɗan dutsen ya kai ƙarshe zai dawo. Sai kaza da ƴaƴanta. Sai jakin maƙwabta. Can nesa wani tari, wanda na rantse na Baba ne, Allah ya jiƙansa. Gidanmu gaba ɗaya ya taso daga ƙasa ya shigo kunnena, da mutanen da na san yanzu duk suna kwance a bayan gari.

Sai ke.

Ban gane ki nan da nan ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Muryar yarinya ce mai ƙarfi, tana hawa tana sauka tare da dutsen. Kina yi wa wani mai neman aure shaƙiyanci, wanda jakinsa ya ƙi ƙetare fadama ya bar shi tsaye da goro a hannu. Mata na amsawa, kina ƙara masa wani baitin, har dariya ta ƙwace miki a tsakiyar waƙa. Dariya, Inna. Na girma, na yi aure, na yi furfura, ban taɓa sanin haka dariyarki take ba.

Ba ƙorafi nake yi ba. Ni ɗan fari ne, na san abin da hakan ke nufi a wajenmu. Tun da aka yaye ni ɗakin Kaka na koma. Ba ki kama sunana, ba ki kallona ido cikin ido, in na shigo kina magana sai ki sauke murya. Abinci ma ta hannun wani yake zuwa. Ina jin ki daga bayan zana kina ce wa Rabi, “Ki ce ma wancan tuwonai na nan.” Wancan. Da shi na tashi, kuma ko da yaushe tuwon wancan ya fi na kowa miya. Na sani. Tun ina yaro na sani. Ranar da zan taho kurmi ba ki fito rakiya ba, amma da na kwance jakata a Dosso na tarar da ƙullin ƙuli-ƙuli da yaji, an ɗaure da bakin zanenki.

Alkunya ce, ba ƙiyayya ba. Amma yaro ba ya cin alkunya ya ƙoshi, Inna. Ina ganin ki kina wasa da ƙannena kina yi musu kirari, ni ina tsaye bakin rumbu kamar wanda ya zo aron guga.

To, ga abin da ya hana ni sukuni.

A tsakiyar waƙar nan, kin ɗauko baiti kin kai rabi, sai kika yanke. Dutsen ma ya tsaya. Ba a jin komai sai kaza. Sannan aka ji takun wani da takalmin roba, yana jan ƙafa ɗaya. Matar rakoda ta tambaya a hankali ko lafiya. Sai muryar Ta-Malam, maƙwabciyarmu, tana danne dariya: “Ɗan farinta na, bari shi wuce.” Takun ya je, aka ji an taɓa randa, takun ya dawo, ya yi nisa. Ta-Malam ta ce, “Ya hita, Hajo, ci gaba.” Kika ja numfashi, kika ɗauko daga daidai inda kika tsaya.

Ni ne, Inna. Na tuna takalmin, igiyarsa ta tsinke na ɗaure da waya. Na tuna na dawo daga lakwal da ƙishirwa, na tarar da mata a tsakar gida da wata baƙuwa, ke kuma kin ja mayafi kin rufe baki. Na sha ruwa na fita. Ban san abin da na katse ba sai yanzu.

Tun ranar nan nake saurare. Da safe kafin motoci su iso, da azahar, wani lokaci mai saye na tsaye yana taya albasa ni ina can tsakar gidanmu. Duk sanda na danna, na san inda za ki tsaya. Yaron nan zai shigo, za ki yi shiru. Ya shigo jiya, zai shigo gobe. Na kai har in na wuce kusa da mata suna hira suka sauke murya, sai in ji takalmin roba a ƙafata.

Kawu Illa ya samu labari a kasuwar Illela. Ya aiko mini da saƙon murya mai tsawo, yana yi yana haki. Ya ce ƴar'uwarsa ba zabiya ba ce. Ya ce matar aure ce, mamaciya, ba zai yarda muryarta ta riƙa fita a aljihun kowane ɗan tasha daga Konni har Tawa ba. Ya ce in ina da sauran kunya in sa a goge. Na ji zafin maganar, amma ba zan zage shi ba. Shi ya yi jinyarki, shi ya shiga kabari ya karɓe ki, lokacin da ni nake nan ina jin labari a salula. Wanda ya yi wannan yana da bakin magana.

Na kira matar da ke kula da ɗakin karatun Illela. Mace ce mai hankali, ta yi mini gaisuwar rashinki kamar jiya aka yi. Ta ce ba su sa kowa don tozarci ba, kuma duk iyalin da suka ce a cire nasu ana cirewa. Sai dai ta ce in sani, abin a haɗe yake. In ta goge a Illela ya gogu a Malbaza da Konni da salular Rabi da tawa, lokaci guda. Kasat ɗin kuwa ya tsinke bayan an juye shi, babu wani. Ta ƙara da cewa akwai na'urar da ke bin tsofaffin muryoyin tana share ƙara tana yanke wuraren da aka yi dogon shiru, don su yi daɗin ji, amma ba ta kai kan taki ba tukuna.

Wani abokina ɗan Madawa, da muke rumfa ɗaya, ya ba ni dabara. Ya ce in kunna a salulata in ɗauka da tasa, sannan in ce a goge. Kawu ya huta, ni ma ina da abina. Har na karɓi salular tasa na jera su a kan buhu. Na kasa dannawa. Sai na ga kamar na laɓe a bayan zana ina leƙen ki, sannan in kori kowa in bar kaina.

A nan ne na tsaya na yi tunanin abin da ke kanki kika yi, tunda ba za a iya tambayarki ba. Baƙuwa ta zo da rakoda, kin gan ta, kin san ɗauka take, kin san za ta tafi da shi inda ba ki sani ba. Ba ki rufe baki ba. Baba na nan yana tari a zaure, ba ki rufe baki ba. Mutum ɗaya tak kika yi wa shiru a duk faɗin ranar nan, kuma ba ɗan tasha ba ne.

Ga abin da na yanke, ki gafarce ni in na yi kuskure.

Ba za a goge ba. Zan kira Kawu da kaina, in saurari duk abin da zai faɗa, ba zan mayar masa ba. Ƴan ajin Rabi su koyi waƙar. Ƴaƴana mata, da aka haifa nan ba su taɓa ganin dutsen niƙa ba, su ji yadda kakarsu take dariya, su jikoki ne, ba kunya tsakaninku. Zan roƙi matar Illela ta rubuta sunanki a kai, don yanzu “wata mata” aka sa. Zan kuma roƙe ta kada na'urarsu ta taɓa wurin da kika tsaya. A bar shi da tsawonsa, da kazar, da takun. Duk abin da ke cikin kasat ɗin nan na mutane ne. Wannan shirun kaɗai kika yi domina.

Ni kuma na daina saurare. Na gaya wa Rabi ta canja lambar katinta, kada ta ba ni sabuwar ko na roƙe ta, don na san zan roƙa. Kin yi shekaru kina riƙe wannan kunya, ba ki taɓa sakinta ba ko sau ɗaya, ko ranar da zan tafi. Ba daidai ba ne don kin mutu ba ki iya jan mayafi, ni in zauna in ƙi fita. Na sha ruwana, Inna. Ki ci gaba.

Ban ce zai yi sauƙi ba. Jiya da azahar hannuna ya kai aljihu da kansa, na zauna ina kallon salular kamar maraya a bakin ƙofar da aka rufe. Amma na ji ki, sau da yawa ma, fiye da rabon ɗan fari. Ya ishe ni har mu haɗu.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya gafarta miki, ya sa kabarinki ya zama dausayin Aljanna. Allah ya haɗa ki da Baba da Kaka da Ta-Malam a inuwa ɗaya. Allah ya sanyaya zuciyar Kawu Illa, ya saka masa da alherin abin da ya yi miki. Duk wanda ya ji muryarki a ɗakin karatu, Allah ya sa ya yi miki addu'a ko bai san ki ba. Mu kuma da muke warwatse a ƙasashen mutane, Allah ya mai da mu gida da ƙafafunmu, ya sa mu cika da imani. Amin.

Ɗanki,
Mamman,
daga kasuwar albasa, Abijan.