Jan Hasken da Na Ɓatar Miki

Zuwa ga Yeonju, sanyin idanuna, furen da ke tohowa tun ƙanƙara ba ta narke ba, iskar teku ga wanda zafi ya galabaitar,

Yeonju-ya, wata biyu ke nan da kika bar Daejeon kika koma Tongyeong wajen mahaifiyarki. Wata biyu ina haɗiyar shinkafa kamar tsakuwa. Kewarki ce, amma akwai abin da ya fi kewa nauyi, kuma yau zan sauke shi.

Kin tuna ranar da kika fara nuna mini gilashinki a ɗakin bincikenmu? Ɗan falle ne da bai kai farce ba, kin jera masa ɗigon zinariya sahu-sahu, kowanne ya fi silin gashi ƙanƙanta sau ɗaruruwa. Kika ɗaga shi a taga kika ce, "Oppa," wato Yaya, kamar yadda kika saba kirana, "duba mana. Ɗigo ɗaya ba ya iya wa haske komai. Amma in tazararsu ta yi daidai, sai su haɗa baki su kama launi guda su maido shi." Ja ne, jan da ya fi na ganyen kaka. Kika karkata shi kaɗan, launin ya sauya. Na ce ban gani ba, don kawai ki ƙara matsowa. Kika ce, "Makaho mai digiri biyu."

Ni ne na ɓatar miki da wannan jan, farin watana.

A waccan Talatar, tun ba ki tafi ba, ni na yi amfani da injin da ke zana ɗigon kafin ke. Na canza tazarar don nawa aikin, na fita cin taliya ban mayar ba. Gilasanki goma sha biyu, waɗanda za ki kare digirinki da su, suka fito babu ja ko ɗaya. A taron mako Farfesa Bang ya ce, "Shekara biyar, har yanzu ba ki iya saita inji ba?" Kika miƙe, kika sunkuya, kika ba da haƙuri. Ya ɗaga jarrabawarki zuwa baɗi. Ina zaune a gefenki, na sani, na yi shiru, don ina tsoron rasa tafiyar binciken da zai tura ni Jamus. Bayan an tashi, ke kika zuba mini shayi kina cewa kada in damu, hannunki ne ya kuskure.

Wane irin masoyi ne ke shan wannan shayin? Wane kogi zai wanke ni? Na shanye shi, Yeonju, har na ce miki ya yi daɗi.

Jiya na je ofishin Farfesa na faɗa masa komai. Ya soke tafiyata, ya ce in kwashe kayana zuwa ƙarshen wata. Ya sa an sake zana gilashi da lissafinki, jan ya fito. Lissafinki daidai yake tun farko.

Ba na roƙon ki dawo saboda ni. Ki dawo saboda aikinki. In kin ga dama kada ki amsa mini har abada, amma ki kira Farfesa kafin Juma'a, yana so ya ba ki haƙuri da bakinsa.

Ko kin yafe ko ba ki yafe ba, zuciyata ba za ta san wata ba sai ke.

Naki har ƙarshen numfashi,
Ok Jinmo