Kada Auta Ya Fesa Motar Nan da Kansa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Ni mahaifinku, tsohon mai fentin mota, nake rubuta wannan da hannuna, ina cikin hankalina sarai, ba wanda ya sa ni, ba wanda ya tsaya a kaina. Ƙirjina ne ya gaza, kaina lafiyarsa ƙalau, don haka kada wani ya ce ciwo ne ya sa tsoho sambatu. Likita bai faɗa mini kai tsaye ba, amma na ga lokacin da ya ja ɗana Babba gefe, na kuma ga fuskar Babba da ya dawo yana ƙoƙarin yin murmushi. Ba ka iya ƙarya ba, Babba, tun kana ƙarami.

Saƙon nan naku ne ku uku: Babba mai tuƙa mana bas, 'yar'uwarku Tela, da Auta. A karanta shi a gaban mahaifiyarku.

Ina jin tsoro, kuma ba zan ɓoye muku ba. Tsoron kabari na miƙa wa Allah, Shi ne Mai rufin asiri. Ɗaya tsoron kuwa yana cikin gidan nan, a gareji, bayan bangon da nake jingina da shi, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Na ɗaya. Gida da bas da ɗan abin da ke banki, a kira malamai su raba yadda shari'a ta tanada. Ban fifita kowa ba. Mahaifiyarku ba za ta tashi daga ɗakinta ba muddin tana raye, ko da rabo ya faɗa wa wani. Babu mai bina komai sai mai kemis na bakin titi, Babba ya san maganar, a sallame shi kafin a taɓa wani abu.

Na biyu, maganar bas. Tun da babbar mota ta goge mata gefen dama kuke cikin rigima. Mai bugun jikin mota ya miƙe ƙarfen, saura fenti. Babba ya je wurin Dogo, abokin aikina na dā, Dogo ya faɗi kuɗin da ya kusa abin da motar ke kawowa a wata guda. Auta ya ji ya riƙe baki, ya ce ga injin iska na Baba, ga bindigar fesa a rataye, me zai sa a kai wa wani kuɗi alhali shi zai iya yi da kashi ɗaya cikin uku. Babba ya kira shi marowaci, shi kuma ya kira yayansa almubazzari, daga nan kuka daina cin abinci kwano ɗaya. Kuna tsammani ban sani ba don ina kwance. Bangon nan siriri ne, kuma marar lafiya ba shi da aiki sai saurare.

Hukuncina shi ne: kada Auta ya fesa motar nan da kansa, ko ina raye ko ba na raye.

Na uku. Auta, zo mu yi lissafin da kake taƙama da shi, tunda kai ne mai kan lissafi a gidan. Ka sa kuɗin fenti da na tina, ruwan nan mai wari da ake tsinka fenti da shi, ka ce shi ke nan. Ina kuɗin kwaɓin cike lotsa? Ina samfefar goge jikin mota, mai kaushi da mai laushi? Ina fentin ƙasa da ake fara shimfiɗawa, ina na sama mai sheƙi? Ina kwanakin da motar za ta yi a tsaye ba ta ɗauko fasinja ba, don ɗan koyo yana yin aikin yini biyu a mako? Hannun da bai saba ba yakan tsaya wuri ɗaya, fentin ya taru ya riƙa zubowa kamar hawaye. Ko ya yi nisa da ƙarfen, jiki ya fito da ƙuraje kamar ɓawon lemo. Ka haɗa launi a inuwa ka ga ya yi daidai, ka fito da mota rana ka ga ƙofa daban, gefe daban, yaran tasha suna yi wa Babba dariya. Ƙarshenta ka kai wa Dogo, ya caje ka kuɗin kankare naka kafin ya fara nasa. Rabin abincin da na ciyar da ku daga irin waɗannan masu wayon ya fito, don haka na san araha ba ta ado.

Amma da asarar kuɗi ce kawai, wallahi da na bar ka ka yi, ka ji a jikinka ka yi hankali.

Na huɗu, kuma shi ne abin da ya hana ni sukuni. Ranar da mahaifiyarku ta riƙe ni na fita shan iska, na leƙa gareji. Na ga gwangwanayen fenti a jere. Na ga tamfol da ka saya za ka toshe ƙofa da taga, don kada ƙura ta sauka kan ɗanyen fenti. Na ga hankici da za ka ɗaura a hanci. A gefe kuma na ga gwangwanin madara. Nan take na zauna a kan tsohuwar taya. Mahaifiyarku ta ɗauka ciwon ne ya motsa.

Haka muka yi aiki, Auta, daidai haka. Maigidan da ya koya mana sana'a ya ce mai fenti na ƙwarai shi ne wanda ya kulle ɗaki ruf, ya yayyafa ruwa a ƙasa, ya fesa har ba ya ganin hannunsa don hayaƙi. In an gama a sha madara, wai tana wanke ƙirji. Mun yarda, mun sha, har gori muke yi wa wanda ya fita waje yana tari. Muna fyace majina ta fito da launin motar da muka yi, ja yau, shuɗi gobe, muna dariya. Madara ciki take tafiya, fenti kuwa huhu yake shiga, hanyarsu ba ɗaya ba ce, amma ba wanda ya faɗa mana.

Maigidan nan a zaune ya rasu, don ya kasa kwanciya. Na je duba shi na tarar yana buɗe baki kamar kifin da aka fitar daga ruwa, idanunsa suna bin kowa yana neman taimako, ba mai abin ba shi. Cikin waɗanda muka yi koyo tare, ni da Dogo kaɗai muka rage, shi ma don ya bar mu da wuri ya koma inda ake aiki da takunkumi mai matata da fanka mai zuƙe hayaƙi. A lokacin mun ce masa matsoraci. Yau shi ke hawa matakala da jikansa a kafaɗa, ni kuwa daga gado zuwa bayi sai na huta a hanya.

Kai kuma ƙirjinka ba irin nawa ba ne. Ni da ƙarfi na shiga, ya ɗauki shekaru kafin ya kayar da ni. Kai tun kana goye numfashinka ke sarƙewa in sanyi ya shigo, mahaifiyarka ta sha gudu da kai asibiti ba mayafi. Kulle ka cikin hayaƙin nan na yini ɗaya zai iya isa. Ga matarka da juna biyu, tagar ɗakinta tana kallon gareji. Ga murhun gas a bayan bango guda, tina kuwa ba ta jiran wuta ta taɓa ta, tururinta kaɗai ya isa ya tashi gida. Duk lokacin da na ji ƙarar ƙofar garejin nan gabana sai ya faɗi. Mutane suna cewa kyan ɗa ya gaji ubansa. Ka gaje ni a komai, ban da wannan tari.

Na biyar. Injin iska da bindigogin fesa biyu da tiyo da duk abin da ke cikin akwatin ƙarfe, na yi wasiyyarsu ga Dogo. Ba magajina ba ne, kuma kayan ba su kai sulusin abin da na bari ba, don haka ba mai ikon tayar da maganar. Da ya zo duba ni mun yi magana, ya yarda zai fesa bas ɗin a shagonsa ba tare da ya karɓi ladan aiki ba, kuma da fentin da Auta ya saya zai yi, don ya duba ya ce mai kyau ne. Ka ga, Auta, kuɗinka bai tafi a banza ba, kuma ka iya zaɓe. Kai ma Babba, ba a cire komai daga cinikin mota ba. Kowa ya ci rabin gardamarsa, sai ku haƙura.

Na shida. Kada a jira sai na cika. Ranar da aka karanta takardar nan, ko ranar da Tela ta gan ta a ƙarƙashin matashina in ta riga ku, a kwashe gwangwanayen nan da injin a kai wa Dogo kafin a ɗora tukunya. Tela, ke na ɗora wa wannan, don ke kaɗai suke tsoro su biyun. Ki tsaya a kansu da bakin nan naki da kika gada wurin kakarki.

Na bakwai. Auta, na san ba kuɗin ne kaɗai ba. Na ga yadda kake shafa bindigar nan in kana tsammani ba mai kallo, so kake a ce ɗan mai fenti ya iya. Na ji daɗi, kuma na tsorata. In zuciyarka ta nace, Babba ya fara kai ka likita ya duba ƙirjinka. In ya ce a'a, magana ta ƙare. In ya yarda, ka je wurin Dogo ka koya da takunkumi a fuska, ko za a kira ka matsoraci sau dubu. Babba, kai kuma ka daina yi masa tsawa a gaban matarsa. Tsawarka ce ke tura shi garejin nan, don ya nuna maka shi ma namiji ne. In wani abu ya same shi, ba za ka yafe wa kanka ba, na san ka.

Na yafe muku duk abin da kuka yi mini, ku ma ku yafe mini. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙanku, Ya sa abin da ke cikin matar Auta ya zo lafiya ya tarar da ubansa a tsaye. Ku riƙe mahaifiyarku, ku koma cin abinci tare, kada ku bari bango ya tsage ƙadangare ya samu wurin shiga. In ɗayanku ya yi fushi, sauran biyun su bi shi har ɗakinsa.

Za mu haɗu in Allah Ya so, amma ba na gaggawar ganin ko ɗayanku. Ku yi furfura, ku aurar da jikoki, ku daɗe ba ku zo ba.

Mahaifinku.