Gorar da Muka Ba Nura

Yaya Lawal,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya jikin Inna, ya zaman ɗar-ɗar a Ruma?

Labari ya iske ni a Fatakwal. Wai ɗana Nura ya kwaɗa wa Buba ɗan Arɗo gora a ka don saniya ta taɓa dawa. Yaron da suka tashi tare! An ce ya farfaɗo, amma ba ya gane mahaifiyarsa.

Mu muka ba Nura gorar gadin gona, ba mu koya masa haƙuri ba. Kada ka ɓoye shi, Yaya. Ka kai shi gaban Arɗo, duk hukuncin da aka yanke na yarda.

A gaida kowa. Ku fara yi wa Buba addu'a kafin nawa ɗan.

Ƙanenka,
Sada