Sau Nawa Na Tura Sirinji?

Litinin, 3 ga Maris

Ranar farko a ɗakin gwaji. Wata uku za su gwada ni, sannan Farfesa ta ce na zauna ko na tafi.

Ta bayyana mini aikin a tsaye, tana wanke hannu. A jini akwai ƙwayoyin da ke garzayawa duk inda jijiya ta ji rauni. Mu kuma muna cire fatarsu, mu lulluɓe ƙwayar magani da ita kamar riga. Jiki ya ɗauka 'yar gida ce, ya bar ta ta wuce har wurin ciwon. Faɗinta nanomita 120. Gashin kaina ya fi ta kauri sau ɗari shida. Na lissafa sau biyu.

Allah mai iko. Hanyar tana nan tun fil azal, aro kawai muka yi.

Alhamis, 13 ga Maris

Tsohon da ke kula da injuna, kowa Baban Inji yake ce masa, ya koya mini sa rigar. Sirinji biyu, abin tacewa a tsakani. Ki tura ruwan daga wannan zuwa wancan sau goma sha ɗaya. Dole ya ƙare a sirinjin da ba a fara da shi ba, don can ne babu datti. Hannunsa ko rawa ba ya yi.

"'Yata, numfasa mana. Sirinji ba ya cizo."

Laraba, 2 ga Afrilu

Ina cikin turawa Umma ta kira, wai ina na ajiye makullin ɗakin ajiya. Na maƙale waya a kafaɗa, hannuna na ta aiki. Da na ajiye, lissafi ya ɓace. Ruwan na gefen da ya dace. Amma sha ɗaya ne? Sha uku? Sha biyar?

Na rubuta 11 a littafi.

Talata, 8 ga Afrilu

Kwalbata ce ta fi kowace kyau. A madubin ƙara girma, tabon raunin jijiyar gwajin da ke faranti ya yi kore shar, launin da muka sa wa maganin, sauran jijiyar baƙi ƙirin. Ƙwayoyin duk sun taru inda ake so. Farfesa ta cire tabarau ta daɗe tana kallo. "Kai! Ji yadda suka san gida." Ta ce sakamakon zai shiga rahoton Juma'a.

Ban iya cin abincin rana ba.

Laraba, 9 ga Afrilu

Idan wani ya tura sau sha ɗaya bai samu haka ba fa? Wata rana jijiyar mutum ce, ba faranti ba.

Idan na faɗa kuma, saura mako takwas a yanke hukuncin zamana.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na faɗa wa Farfesa. Muryata kamar ta wata.

Ta jawo littafin, ta miƙo mini biro. "Ja layi ɗaya a kai, kar ki goge. Rubuta abin da kika sani." Na rubuta: tsakanin 11 da 15, ban tabbata ba. Ta cire shi daga rahoton da hannunta, ga shi mafi kyawun abin da ta samu bana. Ko tsaki ba ta yi ba.

Baban Inji ya ce, "To, Hajiya Lissafi, yanzu sai ki yi duka ukun. Waya kuma a jaka."

Juma'a, 25 ga Afrilu

Kowanne sau uku. 11: kore kaɗan. 13: da dama. 15: shar, irin na ranar.

Farfesa ta gyara takardar ƙa'idar aiki da ke manne a bango, 11 ya koma 15, ta ce a gaishe da Umma.

Litinin, 5 ga Mayu

Ba a ce komai ba tukuna kan zamana. Saura mako huɗu.

Yau Farfesa ta tambaye ni a gaban kowa me ya sa sha biyar ya fi. Na ce ban sani ba, amma ina da gwaji biyu da za su nuna. Sai da na koma mazaunina na lura alƙalamin da ke hannuna bai yi rawa ba.

Wataƙila sanyin ɗakin ne ya ragu.